Dalilin Da Ya Sa Gashin Kazar Fingi Ya Juya Baya

Dalilin da ya sa kuke ganin kazar fingi da gashi a tashe, kamar wadda iska ta buga ta baya, ba ciwo ba ne, 'ya'yana. Ku matso ku ji yadda kakata ta ba ni labarin, Allah dai shi ne masani.

A da can, kowace kaza gashinta a kwance yake luf. To a wani ƙauye akwai wata mata, Tasalla, wadda ta haifi ɗa ya koma tun bai yi kukan fari ba. Tun daga ranar ba ta iya jin kukan ƙaramin abu ta wuce.

Kazarta ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, ta kwashi 'ya'yanta ta fita kiwo, ta bar ƙwai ɗaya a akurki. Tasalla ta zaci baragurbi ne. Ta ɗauka za ta yar, sai ta ji ɗan tsako yana kuka a ciki. Ya huda ɓawon da baki, ƙarfinsa ya ƙare.

Surukarta, Inna Ladingo, tana kaɗi a gindin rumbu, ta hango ta.

"Mayar da shi, 'yar nan. Ba a buɗe ɗaki ana yi wa amarya ado."

"Inna, mutuwa zai yi fa. Ji yadda muryarsa ke tafiya."

"Wanda Ya sa shi a ciki bai manta da shi ba. In hannunki ne ke ƙaiƙayi, ga dawa can, je ki surfa."

Tasalla ta mayar, ta kama surfe. Amma duk saukar taɓarya sai ta ji kukan nan, yana ƙara sirancewa. Da rana ta take, barci ya ɗauke Inna Ladingo, Tasalla ta lallaɓa akurki. Garin sauri ko bisimilla ba ta yi ba. Ta ji tsoron kada ta tsone masa ido in ta ɓare ta wajen bakin, sai ta fasa ta ƙasa, ta kama ƙafafunsa ta zaro shi da baya. Ƙofar ta yi ƙanƙanta, bakin ɓawon ya kwashe jiƙaƙƙen gashinsa duk ya tura shi wajen kai.

Nan take gidan ya yi tsit. Kaji suka daina tono, ko ƙuda ba ya motsi. Tasalla ta waiwaya, sai ga wata 'yar tsohuwa a bayanta, tsawonta bai wuce turmi ba. Ba ta yi sallama ba. Yatsunta jiƙe suke da ƙwanduwa, tana riƙe da ɗan mataji na ƙaya.

"Wa ya cire min shi?" in ji ta. "Ban gama taje shi ba."

Tasalla ta nemi tsarin Allah a zuciyarta, ta ce, "Iya, na ga zai mutu ne."

"Miƙo shi in ƙarasa. Zan kwantar masa da gashin sumul, ya fi duk 'yan'uwansa kyau."

"In kin gama za ki dawo min da shi?"

"Wanda ya fito ya koma hannuna, ba ya sake fitowa."

Tasalla ta dubi abin da ke tafinta, mummuna, yana kyarma, amma ƙirjinsa na harbawa. Ta tuna ɗanta ranar da aka wanke shi, sumarsa a kwance, kowa na cewa tubarkalla ana hawaye. Sai ta cusa ɗan tsakon cikin zaninta, daidai ƙirji.

"Iya, na taɓa rungumar kyakkyawa wanda ba ya numfashi. Bar min wannan a haka."

Tsohuwar ta ce, "To riƙe. Amma shi da zuri'arsa, gashinsu ba zai kwanta ba. Ruwa zai dake su har fata, sanyi ya ratsa su. Ni kuwa ina nan da matajina."

Ta sunkuya kan fasasshen ɓawon, sai aka neme ta aka rasa. Zakara ya yi cara.

Da Inna Ladingo ta farka ta ga ɗan tsakon, sai ta dubi ɓawon, ta dubi Tasalla. Ta ce, "Binne ɓawon nan yanzu. Shi kuma kawo shi kusa da murhu."

Ɗan tsako ya rayu a ɗumin ƙirjin Tasalla. Ashe mace ce, ta girma ta yi kwanci, 'ya'yanta suka fito da irin gashinta.

Shi ya sa har yau fingi ba ta jure ruwa, hadari na haɗowa ita ke fara neman maɓoya. In kuka ga ɗan tsako ya maƙale a ƙwai, ku yi haƙuri tukuna. In ya zama dole, ku yi bisimilla ku ɓare kaɗan ta wajen bakinsa, ku bar shi ya fito da kansa. Kuma ku lura da fingi da tsakar rana. Tana cikin kiwo sai ta tsaya cak, ta waiwaya bayanta, alhali ku ba ku ga kowa ba.