Tafin Sarki a Jikin Ganuwa

An ce wani sarki ne ya gaji wani birni mai ganuwa wadda mutanensa ke tutiya da ita, kuma wallahi sun isa su yi. Al'adarsu ita ce, da zarar damina ta wuce sai a buga gangar gayya, kowane gida ya fita ya yaɓe rabonsa, maigida ya manna tafin hannunsa a ɗanyar laka. Ba mai taɓa rabon wani, domin yin haka kamar ka ce masa ya gaza ne. Baƙo kuwa kafin ya gama shan ruwa an ja shi an nuna masa: “Ga tafin kakana.”

Wata shekara ganuwar ta zube ta wajen Ƙofar Yamma, kuraye suka shigo suka yi wa awakin mutane ɓarna. Sarki ya fusata, ya sa aka kawo Kwasau, mai unguwar da ke kusa da wurin, ya ce a tuɓe masa rawani a fitar da shi daga gari. Kwasau ya sunkuyar da kai, ya karɓi hukuncin.

Sai wani dattijo masani mai suna Malam Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Ya sarki, hannun wa ya fi tsawo a birnin nan?”

Sarki ya ce, “Nawa, domin ba inda ba ya kaiwa.”

Malam ya ce, “Allah ya ba ka nasara, na san wurin da bai taɓa kaiwa ba, alhali hannun makaho da na gurgu sun kai.”

Sarki ya ce, “Nuna mini. In ka kasa, kai da Kwasau hanyarku ɗaya.”

Suka ɗunguma zuwa ganuwa, jama'a na biye. Rabon unguwar Kwasau yana nan garau, tafuka reras a jikinsa, har da na wata tsohuwa da ta rasa mai yi mata ta yi da kanta. Da suka isa inda ya zube, Malam Barmo ya juya wani ɓaraguzi da sandarsa. Sai ga tafi guda ɗaya, tsoho, ruwa ya kusa shafe shi, da alamar zobe a yatsa.

Sarki ya daɗe yana kallo. Zoben nan shi ne a hannunsa, na mahaifinsa ne.

Malam ya ce, “Ya sarki, nan rabon gidanku ne. Marigayi yana fitowa kowace shekara kamar kowane maigida. Tun da ka hau, gangar gayya ta zame maka abin kallo daga soro, fadawa kuwa kowa ya ja bakinsa.”

Sarki ya waiwayi Kwasau ya ce, “Ka ga yana tsagewa, me ya hana ka yaɓe shi?”

Kwasau ya ce, “Ranka ya daɗe, in yaɓe, in shaida wa duniya sarkina ya gaza?”

“To, me ya hana ka faɗa da na yanke maka hukunci?”

“Na ga barin gari ya fi mini sauƙi da in kunyata ka a gaban jama'a.”

Kunya ta lulluɓe sarki, amma wani abu ya fi kunyar ƙarfi a ransa, wato alfaharin cewa irin waɗannan mutane yake mulki. Da hannunsa ya mayar wa Kwasau rawani. Sannan ya tuɓe alkyabba, ya naɗe wando, ya shiga cikin laka har gwiwa. Waziri ya zabura zai taya shi, sai Kwasau ya riƙe masa riga ya ce, “A'a, Waziri. Sarki bai gaza ba.”

'Ya'yan sarki da ƙannensa suka bi shi, sauran gari suka tsaya suna kallo, mata na guɗa. Da aikin ya kammala, sarki ya manna tafinsa, ya juyo da laka har gemu, ya ce, “Ku shaida: mai mulkin da bai yaɓe rabonsa ba, ba shi da bakin tambayar rabon talaka.”