Abin da Nomau Ya Ji ta Bayan Bango

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da majami'unmu na laka ne, rufinsu kuma ciyawa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Nomau, na baftisma kuma Tadawus, amma ba mai kiransa Tadawus sai Fada, wato limamin majami'a. Magini ne. Da rani ya gina rumbu, ya yi yaɓe, da damina ya koma gona kamar kowa. Ba ya cikin masu karatu a gaban jama'a, ba ya cikin mawaƙa. In ka shiga Misa ran Lahadi, can baya za ka same shi kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa.

Ku saurara, jama'ar Allah, har da ku da kuke can bakin ƙofa.

Nomau yana da wani ɗan'uwa, ɗan wan mahaifinsa, ana kiransa Jatau. Gonakinsu a jere suke, kuma daidai kan iyaka akwai wata babbar ɗorawa. Da iyayensu suka rasu, gardama ta tashi a kanta. Dattawa suka zauna, suka ce ɗorawa ta Nomau ce. Nomau ya ce ba komai, matar Jatau ta riƙa zuwa tana ɗibar kalwa kamar yadda ta saba. Jatau bai ce uffan ba. Amma ba kowane shiru ne haƙuri ba.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa da rana tsaka, gari ya watse, sai wuta ta kama tarin karan da ke bayan gidan Nomau. Iska ta ɗauke ta ta kai rumbunansa. Matarsa Tabita ce kaɗai a gida. Ta yi kururuwa, ta hau ta janye jinkar rumbu ko dawar ta tsira, jinkar ta zubo mata a hannun dama. Kafin mutane su iso, abincin shekara ya zama toka. Hannun Tabita kuwa ya warke, amma yatsun suka dunƙule. Ba ta ƙara riƙe taɓarya ba, ba ta ƙara tuƙa tuwo da wannan hannu ba.

Wa ya sa wuta? Ba wanda ya gani. Amma akwai wani baƙo a garin, Tunau, mai cire zuma. Ba ɗan majami'a ba ne, ba shi da dangi a wurin, kuma an gan shi da safiyar ranar riƙe da bakin wuta a gindin wata kuka. Kun san halinmu. Wanda ba shi da kowa, shi ne jakin ɗaukar zargi. Aka fara ƙus-ƙus, aka daina sayen zumarsa.

Ana nan lokacin azumi ya zo, Ista ta matso. A wancan zamani Fada ba ya zama a ƙauyen, daga babban gari yake zuwa jefi-jefi a kan babur. Katikis, wato mai koyar da addini a majami'ar, Malam Sila, ya roƙi Nomau ya yaɓe bangon majami'a na gabas kafin bikin, domin ruwan bara ya cinye shi. Ranar da Fada ya iso, Nomau yana kan tsani a waje, dab da wata 'yar taga da aka huda don iska. A zatonsa Fada yana gidan katikis yana shan ruwa. Bai sani ba ashe an riga an rataya zana a kusurwar nan ta ciki, Fada ya zauna a bayanta, an fara ikirari, wato kowa ya shiga shi kaɗai ya durƙusa ya furta zunubansa.

Sai ya ji murya ta taga: "Ka sa mini albarka, Fada, gama na yi zunubi."

Ya gane muryar. Ya kuma gane bai kamata ya tsaya a wurin ba. Ya fara sauka da sauri. Amma kunne ba shi da murfi. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, maganar ta riga ta shige shi.

"Ni na sa wa karan Nomau wuta. Karan kawai na yi nufi, Fada. Ban san iska za ta juya ba."

Nomau ya tsaya a ƙasa, laka a hannu biyu. Ya matsa nesa da bangon, ya zauna a bakin ramin da yake kwaɓa laka. Jim kaɗan Jatau ya fito, ya zagayo ta gabas zai kama hanyar gida. Ya ga tsani a ƙarƙashin taga. Ya ga Nomau. Suka haɗa ido. Jatau ya wuce.

Akwai fartanyar kwaɓa laka a gefen Nomau. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya tuna hannun Tabita. Ya tuna 'ya'yansa da suke cin tuwo sau ɗaya a yini. Zuciyarsa ta ce masa, tashi ka bi shi, hanyar gidansa ta cikin kwari take, ba kowa a wurin. Ya tashi kuwa. Amma sai ya nufi randa, ya wanke hannunsa, ya shiga majami'a, ya bi layin masu jira.

Da ya durƙusa a gaban zana, ya ce, "Fada, ina kan tsani a waje, na ji abin da ba nawa ba."

Fada ya ce, "Dakata, Tadawus. Kada ka faɗa mini abin da ka ji, kada ka kama sunan kowa. Da gangan ka saurara?"

"A'a, Fada. Ina sauka ne ya riske ni."

"To, jin ba laifinka ba ne. Amma ka sani, abin da mutum ya faɗa a wurin nan, ga Allah ya faɗa. Ni ba ni da ikon fitar da shi ko za a yanka ni. Kai ma yanzu igiyar da ta ɗaure ni ta ɗaure ka."

"Ko ga matata?"

"Ko ga matarka."

Nomau ya ce, "To, ga nawa. Yanzun nan na so in kashe mutum. Har yanzu ma zuciyata ba ta huce ba."

Fada ya ce, "Wannan naka ne, shi kuma za mu kai gaban Allah. Kana son ka rabu da shi?"

"Ina so. Amma ban iya ba."

"Son ya isa a fara da shi. Ka riƙa yi wa mutumin addu'a da sunansa kowace safiya. In bakinka ya ƙi, ka sake gwadawa gobe."

Fada ya ɗaga hannu ya yi masa addu'ar gafara. Nomau ya fita, ya hau tsani, ya ƙarasa yaɓensa.

Kada wani ya ce daga ranar zuciyarsa ta yi fari fat. A'a. Ran Ista suna Misa ɗaya da Jatau. Da aka ce a ba juna salama, Nomau ya miƙa masa hannu da ƙyar. Ya ga Jatau ya tafi gaban bagade ya karɓi Jikin Kristi, ya kau da kai. Duk zuwan da Fada ya yi bayan haka, Nomau yana cikin layi, kuma zunubi ɗaya yake kaiwa: fushi. Ya kai, ya dawo, ya sake tarawa, ya sake kaiwa. Kamar mai share tsakar gida a gindin bishiya.

Da ruwa ya sauka, abinci ya yi wuya, maganar Tunau ta sake tashi. Samari suka kamo shi suka kai gaban mai gari, suka ce a kore shi. Aka kira Nomau, tunda shi aka yi wa ɓarna.

Ku duba inda aka matse bawan Allah. In ya faɗi abin da ya sani, ya keta abin da yake na Allah. In ya yi shiru, a kori marar laifi. Jatau kuwa yana zaune cikin taron, kansa a ƙasa.

Mai gari ya ce, "Nomau, me ka ce?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbun nawa ne, kuma ban kawo ƙarar kowa ba. A cikin masu magana, wa ya ga Tunau ya sa wuta?"

Wani ya ce, "Ai an gan shi da wuta."

"Kowace mace a garin nan tana da wuta a murhu. Ni dai ban yarda a kori mutum da sunana ba. In kuwa aka kore shi, ni zan raka shi, in ɗaukar masa kaya."

Mai gari ya sallami taro. Nomau ya kama hannun Tunau ya kai shi gidansa, suka zauna a ƙofar gida inda kowa zai gani, suka ci ɗan tuwon da ke akwai a ƙwarya ɗaya. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce Tunau ya yi masa asiri.

Tabita ba wawuya ba ce. Da baƙo ya tafi, ta zauna a gabansa, ta ɗora hannun nan nata a kan gwiwarsa.

Ta ce, "Maigida, yadda ka tsaya wa mutumin nan, ka san ba shi ba ne. In ka san ba shi ba ne, ka san ko wane ne."

Ya ce, "Tabita, ban ga kowa da idona ba."

"Ba idonka na tambaya ba."

"To, ba ni da abin da zan ƙara."

"Dubi hannuna, ka sake faɗa."

Ya dubi hannun. Ya ce, "Ki yi haƙuri." Bai yi mata ƙarya ba, bai kuma faɗa mata ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Aka daɗe a gidan nan ba a yi hira ba sai gaisuwa.

Shi kuwa Jatau, tun ranar tsani bai ƙara samun sukuni ba. In ya ji sallama a ƙofa, sai ya ce ga dogarin mai gari. In ya ga Nomau yana magana da wani, sai ya ce yau asiri ya tonu. Shiru, shiru, ba abin da ya faru. Ya rame kamar mai jinya. Wata safiya ya sami Nomau a bakin rami yana taka laka shi kaɗai don gyaran katangarsa da ruwa ya ci.

Ya ce, "Nomau, me kake jira?"

Nomau ya ce, "Laka nake jira ta yi danƙo."

"Ka san abin da nake nufi."

"Yaya, abin da ka faɗa mini da bakinka, shi na sani. Ba ka kuwa faɗa mini komai ba."

Jatau ya tsuguna a bakin ramin, ya rufe fuska. Da a ce zaginsa Nomau ya yi, da ya sami abin ramawa. Da a ce tona shi ya yi, da ya sami abin musu. Amma da me mutum zai yi faɗa da wanda ya rufa masa asiri?

Ran Lahadi bayan addu'a, kafin jama'a su watse, Jatau ya tsaya a ƙofar majami'a. Ya aika aka kira Tunau. Ya ce, "Jama'a, ni na sa wutar. Mutumin nan ba ruwansa. Nomau kuma ya sani tun kafin Ista, bai faɗa wa kowa ba."

Ku lura, ba wanda ya tilasta shi. Ikilisiya ba ta ce mutum ya yi shelar zunubinsa a bainar jama'a ba. Abin da take cewa shi ne, wanda ya tuba ya gyara ɓarnar da ya yi, kada kuma ya bar wani ya ɗauki hukuncinsa. Jatau ya duba, ya ga ba wata hanyar wanke Tunau sai wannan. Ta bakinsa ne labarin ya fito. Abin da ya gudana tsakanin Nomau da Fada kuwa, Nomau ne ya ba da shi da kansa bayan ya tsufa, domin mutum yana da ikon faɗin nasa.

Mai gari ya yanke cewa Jatau ya ciyar da gidan Nomau har sabon hatsi ya shigo, ya kuma nome masa gona. Ya yi. Tunau bai zauna ba, ya ce garin da ya taɓa ƙin zumarsa ba zai ƙara yi masa daɗi ba, ya ƙara gaba. Tabita ta daɗe ba ta amsa gaisuwar Jatau ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Daga baya ta amsa. Hannunta dai haka ta tafi da shi kabari.

To, jama'ar Allah, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Mutum biyu suka shiga bayan zana rana ɗaya. Ɗaya ya kai abin da hannunsa ya riga ya aikata, ɗaya ya kai abin da hannunsa yake shirin aikatawa. Dukansu suna bukatar wurin. Ikirari ba na manyan masu laifi kaɗai ba ne. Wanda aka zalunta ma yana bukatarsa, tun kafin zafin zuciya ya mai da shi azzalumi. Kuma gafarar da aka ba ka a ɓoye ba ta ɗauke maka gyaran da za ka yi a fili ba.

A cikinku akwai wanda bai je ba tun aurensa. Akwai wadda take cewa, ni aka cuta, me zan je in faɗa? Je ki faɗi abin da kike raya wa wadda ta cuce ki in kin kwanta. Akwai mai tsoron kada maganarsa ta fita. Ba za ta fita ba. Akwai kuma wanda ya san asirin ɗan'uwansa yana yawo da shi gida-gida kamar tallan goro. Kai ma da kai nake.

Fada yana zaune, ƙofa a buɗe take. Kada ka jira sai an ɗauko shi a guje an kawo maka shi bakin gado. Tashi da ƙafarka ka je, tun kana da bakin faɗa da hannun gyarawa.

Allah ya ba mu zuciyar tuba. Amin.