Ƙarfen da Jatau Ya Karya

An yi wani mutum, wani bawan Allah maƙeri, a wani gari da ke gindin dutse, tun hanyar mota ba ta kai can ba. Jatau ake ce masa. Ba shi da yawan magana, sai dai Allah Ya ba shi kunne. In ya gama ƙera abu, sai ya sake shi a kan uwar maƙera, ya lumshe ido, ya bi amon har inda ya ɓace. Yakan ce ƙarfe mai lafiya kukansa dogo ne, kamar ana kiran mutum daga ƙetaren kogi.

To, ku saurara.

Wata rana da kaka, wani manomi mai suna Anaruwa ya shigo masa da bindiga mai baki biyu, gadon mahaifinsa. Aladun daji sun sa gonarsa a gaba, ga dawa ta fara nuna. Ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke tura kunama ta bugi harsashi ne ya karye. Ya zaga kasuwa uku, babu irinsa.

"Baba, in ba kai ba, bana kara za mu ci."

"Ba kai ne ka ce maƙeran garin nan fartanya kawai suka iya ba?"

"Yunwa ta gyara mini baki, Baba."

Kwana uku Jatau yana kan aikin. Ya samo guntun tsohon tarko, ya hura, ya buga, ya tsoma a man gyaɗa. Hayaƙi yana tashi a hankali, yana ratsa hasken da ke zubowa ta ɓular rumfa, har yana ganin kamar ƙarfen ne ke numfashi. Ya sa a bindiga, ya ɗana, kunama ta ce ƙas! Mazauna rumfa suka yi ta sa albarka.

Sai Jatau ya cire ƙarfen, ya sake shi a kan uwar maƙera. Amon ya tashi, ya ɗan yi tafiya, ya tsaya cak.

Jama'a, babu wanda ya ji gajartar amon nan sai shi. In ya hana, aladu su cinye dawa. In ya bayar, wataƙila ƙarfen ya shekara goma, wataƙila kuma ya karye ranar da alade ya sunkuyar da kai ya taso wa Anaruwa. Wataƙila ma kunnen ne ya tsufa.

"Ɗana, wannan ban yarda da shi ba."

"Haba Baba, kowa ya ga ya yi! Ba ni abina. In ya karye, ni na ce na ji na gani."

"Kai ka ce. 'Ya'yanka ba su ce ba."

Jatau ya ɗaga masaba ya raba ƙarfen biyu. Aka sunkuya aka duba. Ku saurara da kyau: cikinsa fari fat, babu tsaga, babu tabo. Lafiyarsa ƙalau.

Wani ya tuntsire da dariya. "Tsoho ya yi mafarki ido biyu, ya karya aikin kwana uku!" Anaruwa ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Jatau ya daɗe yana kallon guntayen. Can ya ce, "Kuskurena ne. Ni zan ɗauka."

Babu sauran ƙarfen kirki a rumfar sai magagarinsa, guda ɗaya tilo, wanda yake goge duk aikinsa da shi. Ya jefa shi cikin wuta. Daga jikin magagarin ya fitar da sabon ƙarfen, ya goge shi da dutse har yatsunsa suka yi jini. Kafin ya gama, aladu sun cinye gefe guda na gonar. Sauran ya shiga rumbu, Anaruwa kuma ya dawo wa 'ya'yansa da ƙafafunsa.

Na daɗe ina juya labarin nan a raina. Kunnen Jatau ya yi kuskure, wannan babu musu. Amma amanarsa ba ta yi ba. Darasin shi ne, kada ka miƙa wa mutum abin da zuciyarka ba ta natsu da shi ba, ko da duk gari ya yaba. In kuma tsantseninka ya jawo asara, ka ɗauke ta a kanka, kada ka ɗora wa wanda ya amince da kai.

Kai mai gyaran birki, ke mai sayar da magani, kai magini, dukanmu akwai ranar da muka ji wani abu bai yi ba, muka waiga muka ga babu wanda ya lura. To, Allah Ya lura. Ku tambayi kanku yau, kafin Ya tambaye ku: ranar nan, me kuka miƙa?