Manomin da Ya Jiƙa Irinsa

Akwai wani mutum, manomi, yana da gonar dawa a bayan gari, da rumbu ɗaya, da mata wadda yake ƙauna. Bayan kaka sai matar ta kwanta ciwo, kwana tara ta rasu.

Aka yi jana'iza. Mutane suka cika gidan, matan zumunta suna waƙa suna buga tulu, ana shiga da fita da kwanonin tuwo. Da kwana bakwai suka cika, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gida. Gidan ya yi shiru.

Shirun nan ne mutumin ya kasa ɗauka. Ya shiga ɗaki, ya fito. Ya zauna a gindin rumbu, ya tashi. Ya tafi gona, ga shi rani ne, ba abin yi a can, ya dawo ta wata hanya. In kaza ta taka busasshen ganye sai ya waiwaya, ko ita ce.

Rannan ya bi ta ƙofar wata mai dafa burukutu, ya ji ana ta dariya a ciki. Ya ce a ransa, "Da wannan dariya za ta zo gidana, da na huta." Sai ya buɗe rumbu ya kai mata damin dawa guda. Ta dafa, aka kawo masa a tulu, mutane suka biyo tulun har da mai gurmi.

Ɗaya ya ce, "Maigida, ashe hannunka a buɗe yake haka, muka bar ka kana zaman mujiya?"

Wani ya ce, "Kar ka cika wa wannan ƙoƙo, cikinsa randa ce mai huji!"

Mutumin ya yi dariya har da hawaye, bai san ko na dariya ne ba. Da rana ta yi sanyi suka watse. Shirun ya dawo, ya ma fi na dā girma. Sai ya sake buɗe rumbu. Dami bayan dami, har wata rana ya leƙa ciki ya ga ƙasa.

To, akwai zangarniyoyin dawa rataye a saman murhu, inda hayaƙi yake kare su daga ƙwari. Irin shuka ne. Matarsa ce ta zaɓe su ɗaya-ɗaya tun a gona, ta ɗaure da hannunta. Ya daɗe yana kallonsu. Ya fita, ya dawo. Daga baya ya sauke su ya kai.

Mai burukutu ta juya su ta ce, "Bawan Allah, wannan ai iri ne. Ga warin hayaƙi ma."

Ya ce, "Dawa ce dai. Jiƙa."

"Me za ka shuka?"

"Damina da sauran nisa."

Ta sussuke, ta jiƙa, ta baza a ƙasa ta rufe da ganye, domin haka ake yi, sai dawa ta yi tsiro kafin a dafa ta. Bayan kwana uku ya zo wucewa, ta ɗaga masa ganyen. Kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin tsiro, tana neman ƙasar da za ta kama. Matar ta ce, "Ban taɓa ganin iri mai rai kamar wannan ba. Ko ɗaya bai ƙi ba." Sa'an nan ta shanya shi a rana ya bushe, ta niƙa, ta dafa. A yini ɗaya aka shanye.

Ba a yi mako biyu ba ruwan shuka ya sauka. Da safe gari ya fita gona. Mutumin ya ɗauki sungumi ya bi gidajen abokan shansa, yana roƙon iri ko cikin tafin hannu. Ya tarar kowa yana gonarsa yana shuka. Ashe duk wanda ya sha nasa bai taɓa irin kansa ba. Ɗaya da ya iske a gona ya ce masa, "Kai ma da wasa kake. Wa yake shan iri?"

Gida ɗaya ya rage, na surukarsa, uwar marigayiyar. Ko a kwanakin lafiya ba ya iya haɗa ido da ita saboda kunya, balle yau. Ya kewaya gidan sau uku kafin ya yi sallama. Ya tarar da ita tana sheƙe iri tana waƙar yabo a hankali. Ya durƙusa nesa, ya faɗa mata duka.

Ba ta yi masa faɗa ba. Shi ne ya ce, "Inna, ke ba ki ji zafin ba ne, har kike waƙa?"

Ta ce, "Ni na haife ta, ɗana. Kullum nake kuka. Amma a gaban Ubangiji nake yinsa, shi kuwa ba ya naɗe tabarma ya tafi." Ta miƙe ta ɗauki ƙwarya. "Wuce gaba, ƙasa za ta sha iska."

Suka tafi gonarsa. Yana sara da sungumi, tsohuwa tana binsa a baya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Bai waiwaya ba har ƙarshen kunya, gama idonsa ya cika.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: rumbun nan kwanakinmu ne da ƙarfinmu. Irin kuwa zuciya ce, da ɗan begen da ya rage a cikinta. Ba zan ce muku daɗin duniya ƙarya ne ba. Yana sa zuciya ta yi tsiro da gaske, kamar dawa a ƙarƙashin ganye. Sai dai ba ƙasa a wurin. Tsiron kwana uku ne, a shanya shi, a niƙa, a shanye, masu sha su koma gonakinsu.

Na san shirun nan. Tun da muka binne yayana Bulus ban iya zaman minti goma wuri ɗaya ba, na kuma bi surutu inda bai kamata in bi ba. Ban dawo da komai ba. Yesu Almasihu ne kaɗai ƙasar da zuciya za ta kama ta yi saiwa. Bai ce ba za mu yi kuka ba. Amma farin cikin da yake bayarwa yana iya zama ɗaki ɗaya da kuka, ba ya watsewa da yamma. Ko ka riga ka shanye irinka, yana da wani, ba ya kuma goranta wa wanda ya zo.

In akwai wanda yake kewaya gidan yau saboda kunya, ya daina kewayawa. Ya yi sallama. Ruwa ya riga ya sauka, ƙasa kuwa ba ta daɗewa da laima.