Dillalin da Ya Nemo Yarinyar Cikin Labari

An yi wani mutum a ƙasar Kabo, ba da daɗewa ba, domin irin wayar da ta kai shi ta baro tana nan a aljihun da yawa daga cikinku. Ba zan faɗi sunansa ba. Na ga wasu har sun fara kallon juna suna neman gano ko wane ne. Ku yi haƙuri ku saurara, a kan wannan halin za mu yi magana yau.

Dillalin dabbobi ne. Ba shi da garke, ba shi da shago. Jarinsa ɗaya ne tak, maganarsa. Idan ya dafa bayan sa a kara ya ce, "Na san mai shi, ba na sata ba ne," to an gama ciniki, ba mai sake tambaya. Saboda yawon da yake yi ƙauye-ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, har binciken aure ake zuwa yi wajensa. Idan ya ce gidan wane gidan mutunci ne, sai a kai kaya da kwanciyar hankali. Da wannan maganar yake ci, da ita yake ciyar da iyalinsa.

Ya 'yan uwa, kun san zaurukan nan na cikin waya, waɗanda yara ke kira guruf, inda ake sakin littafi shafi-shafi? Ni da wannan labari ya iso kunnena, sai da na sa ƙanwata ta buɗe mini ɗaya na duba, don ba na son in yi wa'azi a kan abin da ban gani ba. Kuma wallahi na sha mamaki.

Marubuciya za ta saki shafi, ta tsaya daidai inda rai ya fi so a ci gaba. Sai masu karatu su yi caa. Wannan na tsine wa mijin cikin labari, waccan na yi wa matarsa addu'a da suna. Na ga wata baiwar Allah ta rubuta cewa ta kasa cin tuwo saboda an saki wata mata, matar da ba a taɓa haifa ba! Na ce ikon Allah. Me ke cikin labari da yake kama zuciyar ɗan Adam haka? Ban ce haramun ne ba, kada wani ya fita ya ce Malam ya hana karatu. Na ga sharhi mai hankali a ciki, na ga waɗanda ke gyara wa marubuciya hukuncin idda da ta kuskure. Na kuma ga shirme, kamar kowane zaure.

To, mutumin nan wani abokinsa ne ya jefa shi ɗaya daga cikin zaurukan. Dillali kuwa yana da dogon zama, kafin mai saye ya zo sai a yi ta jira a inuwa. Ya fara karantawa don rage lokaci, abin ya shiga ransa.

Allah ya ba shi basira, wannan ba a musu. Wanda ya saba duba haƙoran akuya ya faɗi shekarunta, ya saba kallon idon mai sayarwa ya san ko a matse yake, ba zai sha wuyar gane inda marubuciya ta dosa ba. Zai ce, "Ku sa ido a kan direban nan, ba banza aka ambace shi ba." Bayan shafi kaɗan sai ga direba ya zama shi ne mugun. Aka yi ta yi masa kirari, aka laƙaba masa Sarkin Hasashe. Shafi ba ya cika sai an ce, "Ina Sarki? A zo a fassara mana."

Yabo yana da daɗi, ya 'yan uwa. Wanda ya ce ba ya so, a bar shi da Allah.

Ana nan sai wata marubuciya mai kiran kanta Maman Sauda ta fara sabon littafi. Labarin wata budurwa ce a wani ƙauye da ba a ambaci sunansa ba, an dai ce yammacin Kano ne. Akwai tsamiya a ƙofar gidansu. Rana ɗaya aka daina ganinta, iyayenta suka ce ta tafi jinyar gwaggonta. Marubuciya ta dinga sakin 'yan alamu, ga amai, ga zani da ya daina zagayowa, har duk zauren ya tsaya a kan cewa ciki ne aka je ɓoyewa.

Sai wata mai karatu ta rubuta, "Anya kuwa wannan labarin ba da gaske ya faru ba? Ya yi kama da gaske da yawa."

Ita ta rubuta ta wuce, ta ci gaba da wanke-wankenta. Shi kuwa tambayar ta zauna masa a ƙirji. Hasashen abin da zai faru a shafi na gaba ya daina isarsa. Yanzu so yake ya gano yarinyar da kanta, da ƙafafunta, a doron ƙasa.

Ya shiga jero gidajen da ya sani a zuciyarsa, har ya tsaya a kan wani gida a Lakwaya, gidan wani manomi, Malam Ja'afar. Akwai tsamiya a ƙofar gidan. Akwai budurwa, Zinnira, wadda aka riga aka sa wa ranar aure. Kuma damunar da ta wuce ta yi watanni a Masanawa tana jinyar gwaggonta da ta karye a ƙugu.

Ku tsaya mu duba abin nan tare, don ni har yau yana ba ni mamaki. Malam Ja'afar bai taɓa yi masa komai ba. Ba su haɗa gona ba, ba su haɗa neman aure ba. Yarinyar ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu. To me yake nema? Me ya sa magidanci mai iyali zai karkata babur ɗinsa daga hanyar kasuwa, ya bi ta Lakwaya, don kawai ya ƙara kallon wata tsamiya? Me ya sa zai tsaya wajen mai faci yana tambaya, wai yaushe 'yar gidan Malam ta dawo, ta yi ƙiba ko ta rame? Ba ƙiyayya ba ce. So yake a ce shi ya gano.

Ya fara sakin zance a zaure, yana cewa ya san garin, ya san gidan. Shugabar zauren, wata malamar makaranta mai suna Sa'ada, ta taka masa burki. Ta ce, "Malam, don Allah a nan labari muke tattaunawa, ba mutane ba. A bar wannan maganar."

Amma wasu suka yi ta zuga shi. "Haba Sarki, ka fara kuma ka tsaya?" "Ni dai na ce ba ka sani ba ne." Wannan ta ƙarshe ita ta soke shi.

Shi ba mai saurin rubutu ba ne, sai ya danna ya naɗi muryarsa. Ya ce, "Jama'a, ni ba na magana sai na tabbatar. Yarinyar nan tana nan Lakwaya, Zinnira 'yar Malam Ja'afar. Jinyar gwaggo? Ku dai bari kawai. Haihuwa aka kai ta ta yi."

Sa'ada ta goge saƙon, ta fitar da shi daga zauren. Ina amfani? Magana zarar bunu ce. Kafin ta goge, wasu sun riga sun tura wa 'yan uwansu, su ma sun tura gaba. Kuma ga inda masifar take: muryar ta fita ita kaɗai, ba ta tafi da littafin ba. Wanda ya ji ta a Gwarzo bai san akwai wata Maman Sauda ba, bai san akwai shafi ba. Abin da ya ji shi ne dillalin nan da ba ya ƙarya yana ba da shaida a kan 'yar mutane.

Haka ta isa kunnen Alhaji Lurwanu, mahaifin Uwaisu, saurayin da zai auri Zinnira. Da wani yaro ne ya faɗa, da Alhaji ya yi tsaki ya wuce. Amma ya san muryar. Shekara da shekaru yana sayen shanu a kan maganar mai ita, bai taɓa yin da-na-sani ba.

Kun san yadda ake yi a wajenmu. Ba a zuwa a ce wa uba, mun ji kaza game da 'yarka. Dattawa biyu aka tura, suka gaisa, suka tambayi gida da gona, sannan suka ce, "Malam, mun sake istihara, da alama Allah bai nufa ba." Malam Ja'afar ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Ya shiga gida bai san dalili ba. Sai da ƙanensa ya kunna masa muryar. Ita kuwa Zinnira ta daina fita ko ɗiban ruwa. Tausayin yarinyar nan yana kama ni duk sanda na tuna.

Dagaci ya kira mutumin, ya ce ya janye, ya ba da haƙuri a gaban dattawa, a kashe wutar. Da ya yi haka, da wataƙila an tsira da wani abu. Amma Sarkin Hasashe ya taɓa kuskure? Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza."

Malam Ja'afar ya kai ƙara gaban alƙali.

Alƙali ya ce, "Ka jefi 'yar Musulmi da alfasha. Ina shaidunka huɗu?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, hujjojin suna cikin waya." Ya buɗe, ya fara karanto shafin tsamiya.

Alƙali ya saurara har ya kai aya, sannan ya ce, "Wannan da kake karantawa, wa ya gani da idonsa?"



Aka nemo marubuciyar ta hannun Sa'ada. Ashe matar aure ce a wani gari mai nisa. Ta ce ita ba ta taɓa taka ƙasar Gwarzo ba, labarin daga kanta ta ƙago shi, tsamiya kuwa wane ƙauye ne babu? Ta ƙara da cewa ko a littafin ma ba ciki ba ne, ƙari ne ya fito wa yarinyar a mara, shafin da zai bayyana hakan ne ba ta saki ba tukuna. Kun ji. Ko labarin ƙaryar ma bai jira ya ƙare ba, ya yanke wa mai rai hukunci. Ga gwaggo kuma an kawo ta a kan sanda, tana rantsuwa cewa yarinyar nan ita ta dinga juya ta a kan tabarma.

Aka yi masa bulalar ƙazafi, aka kuma bayyana cewa ba a ƙara karɓar shaidarsa.

Bayan ya warke ya koma kara. Ya dafa bayan sa kamar yadda ya saba, ya ce ya san mai shi. Mai saye ya yi murmushi ya ce, "A wane shafi ka karanta?" Aka yi dariya. Tun ana yi da wasa har ya zama ba mai kiransa ciniki. Masu binciken aure suka canza hanya. Mutumin da ake tashi a ba shi wuri ya koma riƙe wa wasu igiya.

A nan ne nadama ta zo masa, ta gaskiya, ba ta baki ba. Ya ce ko ba komai zai gyara wa yarinyar aurenta. Ya tafi ƙofar gidan Alhaji Lurwanu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce, "Alhaji, na rantse da Allah ƙarya na yi. Yarinyar nan ba ta da laifi. A mayar da maganar auren nan, ni na ba da shaida a kanta."

Alhaji ya dube shi. Ya ce, "Malam, da bakin nan ka ce ba ka magana sai ka tabbatar. Na yarda da kai, na kunyata dattijo a ƙofar gidansa. Yanzu kuma da bakin nan kake rantsuwa. Wanne zan kai wa dangina? Ko ni na yarda, matan gidana sun ji ta farko, ita ta zauna. Tashi ka je, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya tashi. Gaskiya tsantsa ya faɗa a ranar, irin wadda babu ƙura a cikinta, kuma ba ta amfani kowa ba. Auren bai dawo ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai sha giya ba, sahun gaba yake salla. Zato ne da bin diddigi, abubuwa biyu da Ubangijinmu ya hana mu a fili, muka mayar da su abin hira. Ku karanta labaranku, ku yi sharhinku, ku yi fushi da mugun cikin littafi in kun ga dama, shi ba ya jin zafi. Amma ranar da zuciyarka ta ce maka, "Wannan ai kamar 'yar gidan wane," to Shaiɗan ya zauna kusa da kai, ka ajiye wayar ka nemi tsari.

Kuma kada mu ɗora masa shi kaɗai. Wanda ya ce "ka fara kuma ka tsaya" fa? Wadda ta danna ta tura wa yayarta fa? Shi an yi masa bulala a duniya. Su nasu yana nan yana jira, idan ba su nemi yafiyar yarinyar nan ba.

Allah ya rufa mana asiri, ya hana mu tona na wani. Allah ya saka wa wadda aka zalunta da mafificin abin da ta rasa. Allah ya kiyaye mu, da harsunanmu da yatsunmu. Amin.