Wandon da Aka Ɓoye a Cikin Silin

Akwai wani mutum da ake kira Auta, ko da yake lokacin da wannan abu ya faru shekarunsa talatin da takwas, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi ke riƙe da mahaifinsa, tsohon kafinta, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa kuma ya daina fitar da magana. Kullum da safe Auta ke ɗora ruwa, ya yi wa tsohon wanka, ya shafa masa mai, ya zaunar da shi a bakin taga kafin ya tafi aiki.

Amma akwai wata tsohuwar magana da ke bin gidan. Kafinta yana da abokin sana'a, ana ce masa Dogo. A shekarar da aka haifi Auta suka yi cacar baki a gaban mutane, na manta a kan me, ina jin wani aikin rufi ne. Washegari Dogo ya fita bai dawo ba. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Hukuma ta yi wa Kafinta tambayoyi ta sallame shi, amma bakin mutane bai sallame shi ba. Auta ya taso yana jin yadda ake rage murya idan ya zo wucewa.

Wata rana ɗakin tsohon ya fara yoyo. Auta ya sa tsani, ya ɗaga silin, ya shiga da tocila. A bayan wani katako ya ga ƙunshin leda an ɗaure shi da waya. Ya warware.

Wandon jins ne, ya bushe ya sandare kamar tsohuwar fata. Ƙafar dama ta rine da wani abu baƙi-baƙi tun daga cinya har ƙasa, kuma a tsage take.

Abu ɗaya kowa ke faɗa game da Dogo: ba a taɓa ganinsa babu jins a jikinsa ba. Kafinta kuwa, Auta bai taɓa ganinsa da shi ba tun da ya yi wayo.

Ya sauko da ledar a hannu. Tsohon na kwance, idonsa a kan ledar. Sai ya fara wani gurnani a maƙogwaro, hannunsa mai lafiya yana dukan katifa. Auta ya fice da gudu kamar an biyo shi.

Kwana uku bai shiga ɗakin ba. Idan ya tuna hannayen da yake wankewa kullum, ya bi tsakanin yatsu da soso, sai ya juya daga bakin ƙofar. Matarsa ce ke goge wa tsohon fuska ta ba shi abinci, amma wanka ba nata ba ne. Ɗakin ya fara wari.

A rana ta huɗu matar ta same shi a bayan gida da galan ɗin kananzir da ashana, wandon na ƙasa.

"Baban yara, me za ka yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun kafin in yi haƙora."

"To idan ka ƙone shi, za ka shiga ka yi wa Baba wanka?"

Ya buɗe murfin galan ɗin.

Ta ce, "Ba za ka shiga ba. Yanzu kana zargi ne. Idan ya zama toka, ka yanke masa hukunci ke nan, kuma shi ba shi da bakin da zai kare kansa. Ka kai wa Likita ya duba."

"Wane likita? Ki ce in ɗauki jinin mutum in kai asibiti?"

"Likitan Wando nake nufi, na layin 'yan gwanjo."

Wannan Likita wani dattijo ne da ya yi fiye da shekara arba'in yana fasa dilar gwanjo. Akwai masu tara tsofaffin jins daga ƙasashe masu nisa, suna sayen wanda ya tsufa fiye da sabo, abin da har yau nake mamakinsa. Su ne suka sa ya koyi gane shekarun wando, da bambanta na asali da na jabu. Na taɓa zama a shagonsa ina jiran ruwa ya ɗauke, har ya gaya mini shekarun rigar da ke jikina, ya kuma faɗi daidai. Amma ba wannan nake ba ku ba.

Auta ya bi ta cikin kasuwa da ledar a hammata, yana ganin kamar kowa ya san abin da ke ciki. Wani ɗan sanda ya ɗaga masa hannu don gaisuwa kawai, saura kaɗan ya yar da ita.

Likita ya shimfiɗa wandon a kan tebur, ya sa tabarau, ya sunkuya ya shinshina.

"Ɗana, wannan majinyacin an makara da kawo shi."

Auta bai yi dariya ba. Ya ce, "Fenti ne, ko Baba? Ko tsatsa?"

"Jini ne."

Auta ya dafa bango.

"Zauna kada ka faɗo mini a kan kaya. Me kake so ka sani?"

Da ƙyar Auta ya ba shi labarin Dogo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ka faɗa mini kawai, nasa ne ko ba nasa ba ne."

"Ni ban san Dogo ba, wando na sani. Kuma wando ba ya son gaggawa. Idan na ba ka amsa a tsaye, gobe za ka ce don in kwantar maka da hankali na faɗa."

Ya juya wandon ciki ya koma waje, a hankali don kada ya karye. Ya fara da bakin ƙafar hagu.

"Ka ga wannan kalmasar? Ba ta kamfani ba ce. Tasu ɗinkin sarƙa ne, wannan kuwa keken tela ne na unguwa. An rage tsawon wandon."

"To Dogo ba zai rage tsawo ba," in ji Auta da sauri.

"Kada ka yi saurin murna. Na ga dogaye masu gajerun ƙafafu, duk tsawon a wuya yake. Wannan alama ce, ba hujja ba ce."

Murnar ta koma ciki. Likita ya laluba cikin wandon har ya ciro wani ɗan farin ƙyalle da ke ɗinke a gefe, ya naɗe ya ƙanƙance kamar busasshen ganye. Ya jiƙa yatsa ya riƙa lallashinsa har ya miƙe. Babu komai a kai, fari fat.

"Masu yin wannan wandon suna buga wata da shekara a nan. Tawadar ta tafi."

"Shi ke nan ke nan?"

"Na ce maka shi ke nan? Ja mini ƙofar nan."

Shagon ya yi duhu. Likita ya kwantar da tocila a gefen ƙyallen yadda hasken zai bi ta kansa a kwance, ya ɗora madubin da ke ƙara girman abu. Ya daɗe a sunkuye. Auta ya matso kusa. Ya san idan shekarar ta zo kafin haihuwarsa, ba zai ƙara iya kallon mahaifinsa ba har ɗayansu ya mutu.

"Tawada ta goge, amma inda inji ya danna yana nan," in ji Likita. Ya rubuta lambobi a bayan wani kwali, ya rufe da tafin hannu.

"Baba, don Allah."

"Tsaya. Masu jabu suna cire irin wannan ƙyallen su ɗinka a wani wando."

Ya bi zaren da ya riƙe ƙyallen, ya ga shi ne dai zaren da ya haɗa gefen wandon, bai taɓa yankewa ba. Ya juya maɓallin ƙugu, ya kankare bayansa da farce, wasu lambobi uku suka fito. Ya gwada su da na jikin ƙyallen, suka zo ɗaya.

Sannan ya ce, "Wace shekara aka haife ka?"

Auta ya faɗa. Likita ya ɗaga hannunsa daga kan kwalin.

"Kana da shekara huɗu aka ɗinka wandon nan. Ranar da Dogo ya ɓace, audugarsa ma ba a shuka ba."

Auta ya zame ya zauna a kan dila, ya rufe fuska.

"Ban gama ba. Dubi tsagar nan. Wuƙa ba ta tafiya a miƙe haka. Almakashi ne, daga bakin ƙafa zuwa sama, yadda ake yi a asibiti idan ana son a kai ga rauni. Mai wandon nan da ransa aka cire masa shi. Wa ka sani mai tabo a cinyar dama?"

Auta ya sani, mahaifinsa ne. Shekara biyu yana shafa masa mai kullum, dogon tabo mai kauri, bai taɓa tambaya ba.

Daga nan gidan Gwaggo ya wuce, ƙanwar mahaifinsa. Da ta ga wandon ta riƙe baki.

"Ashe Yaya bai yar da shi ba."

Ta ce bayan ɓatan Dogo, uwar Dogon ta rage ita kaɗai, rufinta na zuba, kuma ta rantse Kafinta ba zai taka mata ƙofa ba. Sai ya riƙa jira ta tafi kasuwa, ya hau ta baya ya gyara. A hawa na uku katako ya karye da shi, kwano ya farke masa cinya.

"Ni na kai shi asibiti. Ya ce in ɓoye masa wandon har a sallame shi, kada kowa ya ji. Wai mutanen da ke kiransa mai kisa ba tare da sun ga ɗigon jini ba, me za su ce idan suka ga jini a bayan gidan uwar Dogo? Har ta rasu tana cewa maƙwabta ne suka gyara mata."

"Dogo fa, Gwaggo?"

"Allah kaɗai ya san inda yake. Ubanka ya neme shi har ƙafarsa ta gaji." Ta ƙura masa ido. "Kai kuma me ka zata da ka ga wandon?"

Auta ya hau naɗe wandon yana mayar da shi cikin leda.

"Auta ke nan, girman banza. Tashi ka tafi gida."

Ya iso da rana tsaka. Bai cire takalmi ba ya ɗora ruwa. Da ya shiga ɗakin da bokiti, tsohon ya juya fuska bango. Auta ya durƙusa a gefen gado.

"Baba, na je wurin Gwaggo. Na ji komai. Kwana uku na bar ka a haka, ka yafe mini."

Tsohon ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya ɗago hannunsa mai lafiya, ya miƙa masa don a cire hannun riga.

Darasi: Tsoro yana gaggawar yanke hukunci, gaskiya kuwa sai an zauna an bi ta zare-zare. Idan ka ga abin da ya firgita ka game da wani, musamman wanda ba zai iya kare kansa ba, kada ka ƙone hujja, kada kuma ka ƙone mutumin a zuciyarka. Ka kai wa wanda ya sani, ka yi haƙurin jira ya gama dubawa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da wani a rai saboda jita-jita, wataƙila ya sa ya tashi ya bincika tun mutumin yana raye.