Alkawarin Zaure

An yi wani mutum a wani ƙauye arewa da Bici, manomi ne, ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Ya nemi auren wata bazawara, Barira, wadda take riƙe da mahaifiyarta makauniya. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: duk inda za ta zauna, da tsohuwar za ta zauna.

A zaure ya ce ya yarda. Kawunta Mika'ilu ya ce to a maimaita gaban liman ranar ɗaurin aure, a rubuta. Sai mutumin ya ɓata rai. "Haba Kawu, ni za a kafa wa shaidu? Uwar Barira ai uwata ce." Kunya ta kama Mika'ilu, ya bar maganar, aka ɗaura aure ba a rubuta komai ba.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, rumbu ya koma ƙasa. Mutumin nan ya fara duban kwanon tsohuwa. Ran nan Barira ta tafi unguwa, ya ɗora tsohuwar a jaki, ya kai ta gidan wani ɗan uwanta na nesa wanda shi ma kunun dusa yake sha, ya sauke ta a ƙofa ya juyo. Kafin Barira ta gano inda take, an yi mata sutura.

Ta kai ƙara. Alƙali ya ce ina shaidu? Mika'ilu ya riga ya rasu. Mutumin ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba a yi haka da shi ba, ya fito yana gyara hula.

To, me ya ci? Barira ta mayar masa da sadakinsa ta fita. A garin, kowa ya san gaskiya. Da ruwa ya dawo, ba wanda ya ba shi iri, ba wanda ya je masa gayya. In ya zauna a majalisa sai a watse. Ya sayar da gonar ubansa ya shiga Kano dako, can ya mutu a rumfar kasuwa, baƙi suka binne shi.

Ya 'yan uwa, kada ku tsaya ga tsine masa. Kunyarmu ma tana da hannu a kabarin tsohuwar nan. Wanda zai cika alkawari, me zai tsorata a shaida? In 'yarku tana da sharaɗi, gona ce, karatu ne, ko iyaye, a faɗa a fili, a rubuta, tun ba a shafa fatiha ba.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da shirun da ke taya maci amana. Amin.